Yadda Za Ka Tsara Shagonka Kwastoma Ya Shigo, Ya Taɓa Kaya, Ya Saya

Duk wanda ya san kasuwar Kwari ko ta Sabon Gari a Kano ya san wannan abin. Shago biyu ne jere da juna, kayansu iri ɗaya, wataƙila ma wajen mutum ɗaya suka yi sari, farashin ma kusan ɗaya, amma ɗaya kullum cike yake da mutane ɗayan kuma yaransa na zaune suna danna waya har la'asar. Nan da nan sai ka ji ana cewa ai wane shige-shige yake yi. Eh arziki na Allah ne babu mai ja, amma an ce a yi sababi, kuma in ka tsaya ka lura da kyau sababin nan yawanci a fili yake: yadda aka jera kaya, yadda yaron shago yake karɓar mutum, da kuma ko an bar kwastoma ya kai hannu kan kayan ko an hana shi.

Bari mu fara da hannun, don shi aka fi tauye wa haƙƙi a shagunanmu. Bahaushe ba ya son cinikin biri a sama. Je ka Dawanau ka tsaya gefe ka ga yadda ake sayen hatsi, mutum zai zura hannu cikin buhun masara har wuyan hannu ya ɗebo daga can ƙasa, ya baza a tafinsa, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza don ya ji ko ta bushe, sai bayan nan ne zai ɗago kai ya ce nawa. Ko ka kalli Hajiya a Kwari in an miƙa mata turmin atamfa, za ta kama bakinsa ta murza tsakanin yatsu ta ji ko sitaci ne ya cika shi, ta juya bayan ta ga ko zanen ya fito kamar gaban, ta karanta rubutun gefe, sannan ta ɗora a kan hannunta ta ga ko kalar ta karɓi fatarta. Duk surutun da yaronka zai yi mata na cewa wallahi orijina ce bai kai wannan murzawar ba a wajenta.

Kuma abin bai tsaya a gwada inganci kawai ba. A shekarar 2009 wasu masu bincike biyu a Amurka, Joann Peck da Suzanne Shu, sun nuna cewa da zarar mutum ya riƙe abu a hannunsa sai ya fara jin kamar nasa ne, kuma sai ya yarda ya biya fiye da wanda kallo kawai ya yi. Ai ka gani a Farm Centre, in saurayi ya riƙe waya ya kunna ta ya ɗauki hoton kansa da ita, toh mayar da ita cikin kwali yana masa wuya, sai ka ga ya fara kiran abokinsa ya turo masa cikon kuɗi.

Don haka abu na farko da za ka yi, kowane irin kaya kake da shi ka fitar da guda ɗaya daga leda ko kwali ka ajiye inda hannu zai kai ba sai an roƙa ba. Mutane da yawa, musamman mata da samari masu kunya, ba za su ce "ɗauko min wancan" ba in ba su tabbata za su saya ba, gani suke kamar sun ɗora wa kansu nauyi, sai su yi kallo daga nesa su wuce. In shadda kake sayarwa ko farin yadi da kake tsoron datti, yanki ɗan ƙyalle daga kowane bandir ka haɗa su ka rataye a bakin kanta, a murza wannan son rai. In turare ne ka ware kwalbar gwaji, humra a ɗiga a bayan hannu, turaren wuta kuwa kasko ya zama yana kusa. In takalmi ne kamar a Wambai, benci da ƙaramin madubi a ƙasa sun fi maka yaro na uku amfani, don babu mai cire takalminsa yana tsaye da ƙafa ɗaya a cikin cunkoso. Masu kilishi da masu dabino sun daɗe da gane wannan, ɗanɗanon nan da suke miƙo maka ba asara ba ce.

Kuma ka koya wa yaranka su riƙa miƙa kaya a hannu, da hannun dama, ba su jefa kan kanta ba. "Hajiya riƙe ki ji nauyinsa." "Alhaji taɓa ka ji maiƙon." In ya riƙe kar a yi saurin karɓewa, kar yaro ya tsaya da hannu a miƙe kamar mai jiran a dawo masa da kayansa, ya bar mutum ya jujjuya.

Sai dai akwai wani gefen da ya kamata ka sani. Mutum yana son ya taɓa amma ba ya son ya tafi gida da wanda kowa ya taɓa. Shi ya sa za ka ga mace ta gama murza na sama sannan ta ce a zaro mata na ƙasa. Kar ka ji haushi, haka ɗan Adam yake. Na gwaji daban, na sayarwa daban a cikin ledarsa, in ciniki ya faɗa ka ɗauko sabo dal ka buɗe a gabanta ta ga iri ɗaya ne sannan ka ƙulle. Na gwajin kuma in ya fara dafewa ka canja shi, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, kaya mai ƙura ko kyauta aka ce a taɓa ba a so.

Wani abin da yake ɓata min rai shi ne shagon da in ka taɓa abu aka warware maka sai yaro ya ɗaure fuska ya ce ai tunda an buɗe sai ka saya. Wannan ko a addini bai halatta ba, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin mulamasa, wato a ce taɓawar da ka yi wa tufa ita ce ta ƙulla ciniki. Kuma a Muslim akwai hadisin da Annabi (SAW) ya wuce wajen mai sayar da abinci ya zura hannunsa cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai Annabi (SAW) ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Kenan barin mutum ya duba kaya da hannunsa haƙƙinsa ne, kuma wanda aka taɓa ɗin dole ya zama daidai da wanda za a sa a leda. Ka nuna mai kyau ka ƙulle mara kyau, riba ce ta rana ɗaya, a garin da labari ke zagaya gidan biki kafin magariba.

Na san abin da wani zai ce, sata fa? Gaskiya ne ana yi. Ƙananan kaya masu tsada irin su waya, agogo, sarƙa, su zauna a cikin gilas, amma makullin ya zama yana hannun yaro kuma ya riƙa fitarwa da kansa tun kafin a tambaya, ɗaya bayan ɗaya, in an gama da wannan a mayar a fito da wancan. Sauran kuma madubi a kusurwa ko kyamara ta ishe ka. Kar saboda ɓarawo ɗaya ka mayar da duk mai shigowa abin zargi.

Yanzu tsarin shagon kansa. Yawancin shagunanmu na unguwa har yanzu tsarin da ne, kanta ta tare ƙofa, kai kana waje kaya suna ciki, ka faɗi abin da kake so a miƙo maka. A Amurka ma haka ake yi har zuwa 1916 da wani mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a garin Memphis inda mutum ke shiga ya ɗauka da kansa, daga nan tsarin ya bazu a duniya, shi ne wanda kake gani yau a manyan kantunan Zoo Road. Bambancin a bayyane yake, wanda ya tsaya a bakin kanta abin da ya fito saye kawai zai saya, wanda ya shiga ciki kuwa sai ya tuna ashe sabulu ma ya ƙare, ga kuma madarar yara. In shagonka yana da ɗan fili, ja kantar nan gefe ko ka mayar da ita ciki ka buɗe hanya. In kuma ƙaramin shago ne da ba ya ɗaukar mutum uku, toh aƙalla ka rage tsayin kantar ka fito da wasu kayan gabanta.

Bakin ƙofa kar ka cika shi. Wanda ya shigo daga ranar Kano, a ce watan Afrilu da tsakar rana, idonsa bai gama sabawa da inuwar shago ba, yana gyara mayafi ko yana goge zufa, taku biyu ukun farko ba ya ganin komai. Masu nazarin kantuna irin su Paco Underhill sun daɗe suna faɗar wannan, abin da ka ajiye daf da ƙofa wuce shi ake yi. Kayan da kake so a gani ka matsar da su ciki kaɗan, inda mutum zai tsaya ya numfasa. Wanda za ka rataye a waje don jan ido kuma kar ya wuce kala uku huɗu masu kyau, ka riƙa canja su duk sati, ba ka lulluɓe ƙofar gaba ɗaya har mutum sai ya sunkuya ya shiga kamar mai shiga akurki ba.

Hanyar cikin shago ita ma ka auna ta da jikin mutanen da ke zuwa maka. Mace ce da hijabi har ƙasa, ga goyo, ga jaka, wataƙila ga yaro riƙe da hannunta. In har ba za ta iya sunkuyawa ta duba kaya ba tare da wani ya goge ta ta baya ba, wallahi ba za ta tsaya ba, ajiyewa za ta yi ta fita ko da kayan ya yi mata, kuma ba za ta faɗa maka dalili ba. Katan-katan ɗin nan da dilolin da ka tara a tsakiya saboda sito ya cika, su suke korar maka mata. Kwashe su. Sannan ka sa kujera ko benci ko da guda ɗaya ne, saboda mai rakiya. Maigidan da ya kawo iyali ya rasa wurin zama shi ne zai fara duba agogo yana cewa ku yi sauri, in kuwa ya samu wuri ƙarƙashin fanka aka miƙa masa ruwa mai sanyi sai ka ga an ƙara turmi biyu. Masu haɗa lefe ma haka, zuwa suke su huɗu su biyar kuma zama suke yi, in babu wurin zama shagon gaba za su.

Haske kuma dan Allah a daina sa ƙwai mai shuɗi ko mai ja a shagon yadi. Yana ƙara wa kaya sheƙi a ciki amma in an je gida aka ga kalar ta canja kai za a zaga. Farin haske mai kama da na rana, kuma in mutum ya ce zai fita da shi waje ya gani a rana ka ce bismillah, kai ma ka bi shi da wani kalar. In wutar NEPA ba ta da tabbas a layinku, ƙaramar sola da za ta riƙe ƙwai da fanka tana mayar da kuɗinta, shago mai duhu da zafi ba a daɗewa a cikinsa, wanda bai daɗe ba kuma ba ya saye da yawa.

Wajen jera kaya, abin da ke daidai ido zuwa ƙirji shi ake gani shi ake ɗauka, nan za ka sa wanda ka fi samun riba a kai ko sabon shigowa. Masu nauyi ƙasa, na ajiya sama. Kayan da dole a neme su, sukari, shinkafa, mai, taliya, ba sa buƙatar talla, kai su can ciki mutum ya ratsa sauran kafin ya isa. Abubuwan da ke tafiya tare ka haɗa su waje ɗaya, ganyen shayi kusa da madara da sukari, leshi kusa da mayafin da ya dace da shi, waya kusa da caja da kondo. Wajen biyan kuɗi kuma ƙananan abubuwa da ake ɗauka da canji. Nan zan ce a ji tsoron Allah kan alawa da ake jerawa daidai tsayin yara, yana aiki ƙwarai, amma uwar da ɗanta ya yi ta birgima a shagonka tana jin kunya ba lallai ta so dawowa ba.

Toh sai mutum, wato kai da yaranka. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kowa ya haddace amma je ka ga yadda ake yi. Wani shagon ka yi sallama yaro bai ɗago daga waya ba, wani kuma tun kana layi an riƙo maka riga ana "zo nan Alhaji, me kake nema, akwai a wajenmu", 'yan kayi-nayi sun kewaye ka har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Duk biyun kora ce. Abin da ake so, a amsa sallama a miƙe tsaye, a gaisa, "sannu da zuwa Hajiya, bismillah shigo ki duba, in kina son wani abu ga ni nan", sai a ja baya kaɗan. A ba mutum minti ɗaya biyu ya sha iska. Lokacin matsowa shi ne in ka ga ya tsaya kan abu ɗaya, ya kai hannu, ko ya ɗago yana neman ido.

Kiran mutum da sunan da ya dace ma ciniki ne. Dattijo Baba ko Alhaji, dattijuwa Mama ko Hajiya, matashiya Anti ko Hajiya, wanda ba ka sani ba Malam ya wadatar. Kuma yaro namiji ya san tazara da mace, kar ya matse ta, kar ya ɗora mata yadi a kafaɗa da hannunsa wai yana nuna mata yadda zai yi kyau, ya miƙa mata ya nuna mata madubi. A ƙasashen Turawa akwai masu koyar da cewa ɗan taɓa hannun kwastoma yana sa ya ƙara saye, mu nan wannan tsakanin namiji da namiji ne kawai, musabaha, ita ma in ya miƙo. Kar kuma a raina mutum saboda rigarsa, a Kano wanda ya shigo da silifas da tsohuwar jallabiya yana iya zama shi zai ɗauki dila goma zuwa Nijar ko Chadi.

Maimakon "me kike so", koya wa yaro tambayar da za ta buɗe magana. Na biki ne ko na zaman gida? Ke za ki sa ko kyauta ce? Kamar nawa kike son kashewa? Daga amsar sai ya sauko da kala uku ko huɗu, ba ya zazzage mata rabin shago ba. An yi wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2000, Sheena Iyengar da Mark Lepper suka yi a wani kanti a Kalifoniya, wani lokaci su jera jam ɗin shafa wa burodi kala 24 wani lokaci kala 6. Teburin mai 24 ya fi tara 'yan kallo amma kusan kashi 3 cikin ɗari ne suka saya, mai 6 kuwa kusan kashi 30. Ba kullum abin yake fita haka ba, amma duk mai shagon atamfa ya san matar da aka baza wa turmi ashirin ta rikice ta ce bari ta je ta dawo. Shago ya cika da kaya ba laifi, abin da ke gabanta a lokaci ɗaya shi za a taƙaita, wanda ta ture a ɗauke shi nan take.

Farashi kuma, kuɗin farko da ka faɗa shi ne ma'aunin duk cinikin, amma in ka tsuga abin da ya wuce hankali mutum ko tayawa ba zai yi ba, juyawa zai yi. Bar ɗan wurin ragi mai ma'ana. In tayin bai kai ba ka ce albarka da fara'a, ka nuna masa wani da kuɗinsa zai iya, kar ka yi tsaki kar ka ce kayan nan ba sa'anka ba ne. Rantsuwar nan ta "wallahi ko uwar kuɗi bai kai ba" a rage ta, hadisi ya ce rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka, kuma yanzu ma mutane sun daina yarda da ita. In kaya yana da aibi faɗa, "wannan yana ɗan zuba a wankin farko, wancan ba ya yi amma ya fi tsada". Wanda ka faɗa wa haka gobe ba zai ƙara murza kayanka da zargi ba, kuma shi zai kawo maka ƙanwarsa. In bai saya ba a rabu lafiya, Allah ya kawo rabo, a gaida gida.

Kar ka bari ciniki ya lalace a wajen biya. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 mutane suka saba da taransfa, rubuta lambar akawun da manyan baƙi inda za a gani, ka tanadi banki biyu saboda netwok, POS da caji, canji a aljihun tebur. Mutum ya gama zaɓe sannan a bar shi tsaye ana neman canji layi-layi, a nan ne yake samun lokacin sake tunani ya ce a cire ɗaya.

In kana son ka san wanne daga cikin waɗannan ne ciwon shagonka, ware yini guda kar ka sayar da komai da kanka, zauna a kusurwa da littafi da biro. Rubuta mutum nawa suka leƙo, nawa suka shigo, ina suka fara nufa, me suka taɓa, a ina suka juya suka fita, nawa suka saya. Sai ka canja abu ɗaya tak, a ce ka kwashe katan daga hanya ko ka fito da na gwaji, ka bar shi sati biyu ka sake zama ka ƙirga. In ka canja komai lokaci ɗaya ba za ka gane wanne ya yi aiki ba. Kuma in kayan sawa kake sayarwa ka yi wannan gyaran tun a Rajab ko Sha'aban, don in azumi ya raba tsakiya cinikin Sallah ya taso ko wurin juya benci ba za ka samu ba.